Daga Sarkin Gini Zuwa Takardar Rajista: Yadda Ake Kafa Ƙungiyar Magina a Birnin Kano

Ƙungiyar magina haɗaka ce ta mutanen da ke cin abinci da ɗora gini, waɗanda suka yarda su bi ƙa'ida ɗaya a kan koyar da yara, da ingancin aiki, da farashi, da raba gardama. A tsohon birnin Kano, kamar a unguwannin da ke jikin Ƙofar Mata, masu wannan sana'a kashi uku ne a yau. Akwai maginin ƙasa, mai tubali da azara. Akwai birkila, mai bulo da siminti, wanda ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba. Sai mai ginin dutse, wanda aka fi nema wajen harsashin gini, da katanga, da magudanar ruwa, da kwalbati, da ɗaurin rijiya. Kano ba garin ginin dutse ba ne tun asali. Dutsen Dala ya ba mutanen farko tama, amma gidaje da fada da ganuwa duk da ƙasa aka tashe su. Shi ya sa mai ginin dutse a nan yake shiga inuwa ɗaya da sauran magina, kuma tsarin da ya dace da su shi ne ya dace da shi.

Tsarin da aka gada

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa, sarki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta ta fuskar Ƙofar Mata, ya gina fadar da har gobe ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Da Turawa suka ci birnin a watan Fabrairun 1903, rahoton shugabansu, Lugga, ya ƙiyasta tsayin ganuwar ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40. Bangon ƙasa zalla ba ya kai waɗannan ɗaruruwan shekaru sai da gyara bayan damina. Jama'a ke kawo ƙarfi ta hanyar aikin gayya, amma sanin inda za a sare, da inda za a cike, da irin ƙasar da za a kwaɓa, wannan na magina ne, kuma maginan suna da shugaba.

A Kano ana ce masa Sarkin Gini, a Zazzau da wasu garuruwa Sarkin Magina. Sarauta ce ta sana'a, irin ta Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska. Sarki ke naɗawa, kuma galibi a gida ɗaya take zama. Har yanzu akwai Unguwar Gini a cikin birni. Mai wannan rawani shi ke tara magina idan fada ko masallaci ko ƙofa na bukatar gyara, ya raba musu aiki gwargwadon gwanintar kowa, ya shiga tsakani idan magini ya saɓa da ɗan'uwansa ko da mai gida. Babu takarda ko ɗaya a cikin tsarin. Abin da ya riƙe shi shi ne kowa ya san wanda ya koya wa kowa. Idan soro ya tsage, ba sunan wanda ya gina kaɗai ke ɓaci ba, har da na gidan da ya fito. Wanda ya fi kowa suna a wannan layi shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, da wasu littattafai ke kira Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, zuriyarsa kuma ta ci gaba da riƙe shugabancin magina a can.

Ƙofar Mata tana da nata hannu a sana'ar, ta hanyar da mai wucewa ba zai lura ba. Karofin da ke wurin, wanda masu shi ke kai tarihinsa ga 1498, ba shuni kaɗai yake fitarwa ba. Idan ruwan baba ya mutu, ana kwashe dagwalon da ya kwanta a ƙasan ramin, a dunƙula, a shanya, a ƙona, ya zama katsi. Magini ya karɓi katsin ya haɗa da gashin jima da ake samu a majema, da ruwan dafara mai yauƙi, ya sami laso. Da lason ake shafe rufin soro da rawaninsa don kada ruwa ya ratsa, da shi kuma ake shafe cikin ramin karofin kansa. Wato sharar marini kayan aikin magini ce, aikin magini kuma shi ke riƙe wa marini ruwa. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ramukan rini a birnin sun haura 2,000, ana biyan harajin wuri 700 a kan kowane. Kowane ɗaya daga cikinsu sai da wani ya haƙa shi ya shafe.

Ba Kano kaɗai ta san irin wannan haɗaka ba. A Jenne ta ƙasar Mali ƙungiyar magina, da suke kira barey ton, tana nan da ranta. Shugabanta Isma'ila Traore ne ya jagoranci sake gina babban masallacin garin a 1907, kuma a al'adarsu magini ba ya taɓa gidan da ke hannun wani magini sai da izininsa. A Turai, masu sassaƙar dutse na ƙasashen Jamusawa sun taru a Regensburg a 1459, shekara huɗu kafin Rumfa ya hau gado, suka rubuta dokokin koyo da na ladabtarwa. Abin da duka suka damu da shi iri ɗaya ne: wa ya isa a kira shi gwani, kuma wa zai tsawata masa idan ya yi ha'inci.

Tsarin Kano ya fara sassautawa ne da zuwan kayan gini na waje. Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'i, jirgin ƙasa ya iso a 1911 da siminti da kwanon rufi, sashen ayyuka na En'e ya soma ɗaukar ma'aikata a kan albashi. Babban Masallacin Kano da aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka gama a 1951, ba da ƙasa aka yi shi ba. Daga baya masana'antar siminti ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, kuɗin fetur na shekarun 1970 suka zo suka ƙarasa. Bulo ya fi tubali saurin koyo, kuma ba sai an gada ba. Wannan ya buɗe wa dubban matasa ƙofar abinci, abin a yaba. Amma ya kawo abin da masu gida ke kuka da shi yanzu: lebura ya ɗauki kwano wata uku, ya sayi cokali da igiya, gobe ya ce shi birkila ne, babu mai ce masa a'a. Wannan giɓi ne ƙungiyar zamani take zuwa ta cike.

Matakin farko

Ba da lauya ake farawa ba. Ana farawa da magina biyar ko shida waɗanda unguwa ta san aikinsu, waɗanda za a iya nuna gidan da suka gina shekara ashirin da suka wuce yana tsaye. Su ne za su zaga su gai da dattawan sana'a, su kai maganar ga Sarkin Gini, da mai unguwa, da hakimi. Wannan gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce. Wanda ya tsallake ta za a ɗauka rawani yake nema ta bayan gida, kuma tsofaffin da ilimin ke hannunsu za su naɗe hannu su zuba ido. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba masu sarautar sana'a da dattawa kujerar iyayen ƙungiya, a bar gudanarwar yau da kullum ga zaɓaɓɓu.

Lokacin da ya fi dacewa da taron farko shi ne damina, sa'ad da ginin ƙasa ya tsaya, na bulo ma ya yi sauƙi, kuma a sa shi ranar Juma'a da yamma. Gara a fara da ƙaramin yanki, misali Ƙofar Mata da Zango da Yakasai, inda kowa ya san kowa, da a buɗe baki a ce ƙungiyar jiha baki ɗaya alhali ba a iya tara mutum talatin.

Tambayar da ta fi tayar da ƙura a taron farko ita ce wa zai shiga. Tsarin da ke aiki shi ne hawa uku: maigida, wanda ke karɓar aiki da sunansa yana da yara, magini mai cin gashin kansa da ake ɗauka yini ko jinga, sai yaro mai koyo, wanda ake rubuta sunansa ƙarƙashin maigidansa, ba ya zaɓe. Leburori su ne magina na gobe, kuma su suka fi jin ciwo a wurin aiki, don haka ya kamata a ba su gurbi a asusun taimako ko da ba su da ƙuri'a. Baƙin birkiloli daga kudu, ko daga Togo da Benin, a jawo su ciki. Wanda aka bari a waje ba dokar da ta hau kansa, shi zai karya farashi. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne ɗan kwangila da mai gidan bulo. Suna da kuɗi, suna da bakin magana, nan da nan za a so a ba su shugabanci, alhali su ne ɓangaren da ƙungiya za ta riƙa ciniki da shi. A karɓe su a matsayin abokan hulɗa, kujera kuwa ta mai riƙe cokali ce.

Gwajin shiga

A nan ne ƙungiya ke samun daraja ko ta rasa ta. Katin da ake ba duk wanda ya biya kuɗi rasit ne kawai. Kafin a rubuta mutum a hawan magini, dattawa biyu ko uku su je su gan shi a bakin aiki, kuma kada maigidansa ya kasance cikin masu hukunci.

Mai ginin dutse ana duba shi tun daga tsibin dutsen, kafin ya ɗora ko ɗaya. Gwani yana ware manya na ƙasa da na kusurwa, ya wanke ƙurar jikinsu don siminti ya kama, ya juya kowane dutse a hannu har ya sami fuskar da za ta kwanta daram ba tare da an tallafe ta da kwaɓi ba. Ba ya bari gaɓa ta hau kan gaɓa: dutse ɗaya ya danne biyu, biyu su danne ɗaya. Jefi-jefi yana sa dogon dutse da ya ratsa kaurin bangon daga wannan fuska zuwa waccan, don kada bangon ya rabe gida biyu. Cikin bango da ƙananan duwatsu yake cusa shi. Mai ha'inci kuwa fuska yake gyarawa, ya zuba ɓaraguzai da ƙasa a ciki, ya shafe gaɓoɓin da siminti su yi kyau a ido. Dattijo ya ƙwanƙwasa da guduma sau biyu ya ji ƙarar, ya san abin da ke ciki.

Maginin ƙasa ana fara tambayarsa ƙasa: wace ce ta tubali, wace ce ta yaɓe, kwana nawa za a bar kwaɓi da ciyawa ya ruɓa ana sake tattakawa. Sannan a gan shi a kan bango, ya hau ya raba ƙafa, yaro na jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa, yana dasa shi gindi ƙasa tsini sama, yana cike tsakani da kwaɓi. Bangon ya fi kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, kuma ba a ɗora layi da yawa a yini ɗaya sai na ƙasa ya sha iska. Wanda ya ce ya kai gwani sai ya ɗaura baka. Azara, wato tsagin giginya, ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazara ta wuce kimanin mita biyu, don haka ake jera ta hawa-hawa daga bangaye biyu, kowace tana leƙowa gaba da ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna aka sami ɗaurin guga, an kai ƙarshen gwaji.

Na birkila ya fi gajarta: kusurwa ta miƙe, layi ya daidaita, ya san ma'aunin kankare na yau da kullum, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, ya san ana shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7 kuma ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28. Ya kuma iya gane bulon da aka tsuke wa siminti, wanda ke marmashewa a hannu.

Kundin dokoki da maganar kuɗi

A rubuta dokoki da Hausa, a karanta su da ƙarfi a gaban taro, sakin layi bayan sakin layi, saboda da yawa daga cikin gwanaye ajami suka iya ko kuma da ka suke riƙe magana. Fassarar Turanci ta biyo baya don hukuma. Kundin ya faɗi sunan ƙungiya da manufarta, da muƙamai, shugaba da sakatare da ma'aji da mai binciken kuɗi, da tsawon wa'adi, da yadda ake tsige wanda ya ci amana. Wannan na ƙarshe shi ake jin nauyin rubutawa ranar da kowa ke fara'a, kuma shi ake nema ranar da aka ɓata.

Kuɗi ne ke kashe yawancin ƙungiyoyin sana'a, ba rashinsu ba, rashin bayaninsu. Dabara mai kyau ita ce kada a rubuta kuɗin wata da adadin naira, domin tsadar rayuwa za ta cinye shi kafin shekara biyu. A ɗaura shi da ladan yini, a ce misali kashi kaza na abin da magini ke samu a rana guda, yana hawa da kansa. A raba asusu biyu, na gudanarwa da na taimako, kada a ranci ɗaya don ɗaya. Masu sa hannu a banki su zama uku, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa. A kowane taro ma'aji ya miƙe ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ko da bai taka kara ya karya ba.

Asusun taimako shi ne abin da ɗan ƙungiya ke gani da idonsa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashinsu a asusun NSITF, amma wannan a manyan kamfanoni yake aiki. Maginin da ya faɗo daga kan katako a gidan wani a lungu, aka ɗauke shi zuwa Asibitin Murtala da ke nan Ƙofar Mata, ba shi da kowa sai danginsa da abokan sana'arsa. Kundin ya fayyace abin da za a ba wanda ya karye, da iyalan wanda ya rasu, da sharaɗin cewa sai wanda ba a binsa bashin wata da watanni. Daga wannan asusu ne kuma ya dace a sayi tabarau da takunkumi ga masu fasa dutse, domin ƙurar dutse tana taruwa a huhu, ba ta kuma fita.

Rajista

Sai ƙungiya ta yi kamar shekara tana taro, tana tara kuɗi, tana da littafin sunaye, sannan maganar rajista ta taso. Ƙofofi uku ne. Ta farko ita ce rajistar ƙungiyar ƙwadago, wadda doka ta ce sai da mutum 50, kuma ba a yi wa sabuwa idan akwai wata da ke wakiltar irin waɗannan ma'aikata. An yi ta ne don masu albashi, ba ta dace da mai cin gashin kansa ba. Ta biyu ita ce ƙungiyar gama kai, wadda mutum 10 sun isa, ana yin ta a ofishin jiha, kuma tana da damar yin kasuwanci ta raba riba. Ta uku ita ce rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana neman amincewa da suna, a gabatar da kundin dokoki da bayanin taron da aka zaɓi amintattu, mutum biyu ko fiye, a buga sanarwa a jaridu biyu, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Yaro, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi, da wanda kotu ta samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce, ba sa zama amintattu. Da takardar nan ƙungiya za ta buɗe asusu da sunanta, ta mallaki fili, ta kai ƙara a kai ta, amma ba ta raba riba ga 'ya'yanta, kuma kowace shekara sai ta kai bayani ga hukumar.

Ga magina, haɗa ta uku da ta biyu ya fi: uwar ƙungiya ta yi rajistar amintattu, idan ta yi ƙarfi ta haifi ta gama kai don sayen kaya da ba da haya. Abu ɗaya dai a sani, takardar CAC ba lasisin gini ba ce. Majalisar CORBON, da aka kafa da doka a 1989, ita ke rajistar ƙwararrun masu kula da gini, izinin ɗora gini a birni kuma na hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ne.

Yaro da maigidansa

A al'ada uba ne ke kawo yaro, ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana na ba ka." Maigida ya ce Allah ya yi masa albarka, shi ke nan an ƙulla. Kyan wannan ba ya ɓuya, amma yana da rami: ba a faɗi ranar gamawa ba. Akwai yaran da ke shekara bakwai suna kwaɓa da miƙo bulo, ba a taɓa ba su cokali ba, don maigida ba ya son rasa hannu mai araha. Ƙungiya ta sa a rubuta ranar farawa a littafinta, a yanka wa'adi, a faɗi abin da yaro zai iya a ƙarshen kowace shekara, da abin da za a riƙa ba shi na abinci da sabulu, da lokacin makaranta. Idan wa'adi ya cika, dattawa su gwada shi, a yaye shi a gaban taro, a ba shi kayan aiki daga asusu.

Daga nan sai a tura shi neman takardar gwamnati, domin kamfani da ma'aikata ba su san shaidar unguwa ba. Gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya hawa uku ne, daga na uku zuwa na ɗaya. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, tana da tsarin shaidar ƙwarewa da ke karɓar abin da mutum ya koya a bakin aiki ba sai ya zauna aji ba. Asusun ITF, tun 1971, yana shirya horo. Mutum ɗaya ba ya samun kunnen waɗannan hukumomi, amma sakatare da ya zo da sunaye arba'in a takarda ana ba shi kujera.

Farashi da rigima

Ƙungiya ba ta iya yanka wa gari farashi, kuma idan ta gwada, masu gida za su tsallake ta su ɗauko na waje. Abin da take iyawa shi ne ta sanar da mafi ƙarancin ladan yini, ta riƙa sabunta shi, ta kuma koya wa 'ya'yanta rubuta jinga: iyakar aikin, kuɗinsa, kafin alƙalami nawa, saura a wane mataki, wa zai sayi kaya, wa zai ba da ruwa. Rabin shafi ya isa, da shaidu biyu.

Rigingimun kusan kullum iri uku ne. Magini ya karɓi kafin alƙalami ya tafi wani aikin. Mai gida ya ga an gama ya fara ɓuya. Ko wani magini ya shiga aikin da ɗan'uwansa ya fara. Na ukun nan dokarsa tsohuwa ce, kuma shari'a ma ta hana ciniki a kan cinikin wani: wanda aka kira ya ƙarasa gini, sai ya nemi na farko ya ji ko an sallame shi. Idan duk 'yan ƙungiya suka riƙe wannan, mai gidan da ya saba cinye haƙƙin magina zai rasa mai taɓa masa bango. Amma adalci sai ya bi ta kowane ɓangare. Kwamitin sulhu da kullum ɗan ƙungiya ke da gaskiya a gabansa, ba mai sake kawo masa ƙara. Idan aiki ya ɓaci ta laifin magini, a sa shi ya rushe ya sake da kuɗinsa, in ya ƙi a karɓe katin, a kuma sanar da masu unguwanni.

Akwai dokar da ta fi duk waɗannan nauyi, ita ce 'yancin ƙin aiki. Mai gida ya ce a rage rodi, ko a ɗora bene a kan harsashin da aka yi don ƙasa, ko a cire katakon rufin kankare kafin ya yi ƙwari. Magini shi kaɗai yana tsoron ya ƙi, don ya san wani zai karɓa kafin la'asar. Benen da ake ginawa da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ya tuna wa Kanawa abin da rushewar gini ke jawowa. Ƙungiya ta rubuta ƙarara cewa aikin da ɗanta ya bari saboda haɗari, ba wani ɗanta da zai karɓa sai injiniya ya duba.

Girma

Ƙungiya tana girma ne idan masu gida suka fara zuwa da ƙafarsu suna cewa a ba su magini. Daga nan unguwannin maƙwabta za su nemi shiga, sai a buɗe musu reshe mai nasa ma'aji da nasa kwamitin sulhu, uwar ƙungiya ta riƙe gwaji da kati. Reshen gama kai ya sayi abin da mutum ɗaya ba ya iya saya, injin kwaɓa kankare da ƙarafan hawa, yana ba da haya. Haɗarin wannan mataki siyasa ce. Da zarar an ga ƙungiya na tara ɗaruruwan mutane, 'yan takara za su zo da buhunan siminti da alkawarin kwangila. Kowa ya zaɓi wanda yake so, amma kundin ya hana shugaba kai sunan ƙungiya gidan ɗan takara.

Aikin da ƙungiyar cikin birni ke da shi wanda ta sabuwar unguwa ba ta da shi shi ne riƙon ginin ƙasa. Ganuwa da ƙofofi da Gidan Makama suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kuma tun 2007 ganuwar Kano ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a amince da su. Duk da haka ganuwar na zaizayewa, ana cin ta da gine-gine, masu iya ɗaurin guga kuma tsufa suke yi. Sana'ar ba ta rasa kasuwa ba. A Nijar, masallacin Yama da Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986, tsohon garin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013, wani masallacin ƙasa a Dandaji kuma an gyara shi ya zama ɗakin karatu da hannun maginan yankin. Abin da ake bukata a Kano ba shi da tsada: littafi mai sunan kowane maginin ƙasa da abin da ya ƙware a kai, yaro ɗaya ko biyu a hannun kowane tsoho da ɗan alawus daga asusu, da yarjejeniya da marinan Ƙofar Mata a kan katsi. Ƙungiyar da ke da wannan littafi ita za a nema idan gyaran ƙofa ko soron fada ya taso. Wadda ba ta da shi, a rediyo za ta ji an ba da kwangilar.